Kafin ka sa kaki: abin da sanarwar ɗaukar soja ba ta faɗa

Duk ranar da rediyo ya karanta sanarwar ɗaukar sababbin sojoji da jandarmomi, kafin la'asar hotonta ya gama zagaye wayoyin samarin Marwa da Garwa da Kusuri a arewacin Kamaru. Washegari mai ɗaukar hoto na bakin kasuwa ba ya samun sukunin cin abinci, layin sayen tambur, wato kan sarkin da ake manna wa takardun hukuma, ya kai waje, a majalisar shayi kuma zance ɗaya ne: wa zai gwada kwankur ɗin bana, wato jarrabawar shiga, wa ya san wani babba a Yawunde. Wani ya ce aikin gwamnati ne, albashi duk wata ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wani ya ce fansa zai ɗauka, don a hanyar Kolofata aka tare ƙanin babansa. Akwai kuma na uku, wanda ba ya cika magana, da ke tambaya a hankali: in na shiga, ina za a kai ni, wa kuma zan harba?

Amsar wannan tambayar ba ta cikin sanarwa. A Kamaru ba a tilasta wa kowa aikin soja, da ƙafarka kake zuwa. Abin da ke turo ƙafar kuwa sananne ne. A ƙididdigar gwamnati ta 2014, kashi 74 cikin 100 na mutanen jihar Arewa Mai Nisa suna cikin talauci, wato ninki biyu na lissafin ƙasa baki ɗaya. A shekarar nan ce kuma hanyoyin abincin samari suka toshe. Amcide da Banki gari ɗaya ne da iyaka ta raba. Ta nan ake shigo da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, a jarkoki da atamfa da kayan masarufi daga Maiduguri, ta nan shanu da albasa ke fita. Da aka rufe iyaka, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura a garuruwan gefenta, ɗan kilando mai haya da babur da ɗan dako da dillali duk suka zauna. Ga mai ƙarfi a jika wanda ba shi da jari sai ƙofa uku ta rage: bariki, ƙungiyar 'yan banga, ko daji wurin Boko Haram.

Wa ake yaƙa

Da farko mutanen Shekau, shugaban Boko Haram na lokacin, suna shigowa Kamaru ne don su huta, su yi cefane, su ɓoye makamai. Sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga a Fabrairun 2013 shi ya fara ta da hankali. Ranar 17 ga Mayu 2014, a taron Paris, shugaban Kamaru Paul Biya ya shelanta yaƙi, ƙarshen Yuli suka shiga Kolofata suka ɗauke matar mataimakin firaminista Amadou Ali. Yaƙin lokacin fito-na-fito ne, ɗaruruwan mayaƙa da motoci masu manyan bindigogi, har da masu sulke da suka ƙwato a barikokin Najeriya. Sojojin Cadi suka tsallako ta Kusuri a Janairun 2015, suka karɓe Gamboru farkon Fabrairu, washegari 'yan ƙungiyar suka huce a kan mutanen Fotokol har cikin masallaci.

Da suka ga gaba da gaba ba ta fisshe su ba, sai suka koma ƙunar baƙin wake. Njamena ta ɗanɗana ranar 15 ga Yuni 2015, Marwa ranar 22 da 25 ga Yuli, kasuwar Bodo a Janairun 2016. Hukumar UNICEF ta lissafa a 2016 cewa ɗaya cikin biyar na masu kai irin wannan harin yaro ne, kashi uku cikin huɗu na yaran kuma 'yan mata.

A Agustan 2016 ƙungiyar ta tsage biyu. Ɓangaren da Da'ish ta amince da shi, ISWAP, ya bi Abu Mus'ab al-Barnawi ya kafu a tsibiran Tafkin Cadi. Shekau ya zauna a Sambisa har ya mutu a Mayun 2021, ragowar mutanensa suka rage a duwatsun Mandara da kuma arewacin tafki a hannun Bakura. Wannan rabuwar ce ke yanke irin daren da soja zai kwana. Wanda aka ajiye a Mayo-Tsanaga ko Mayo-Sava, a gindin duwatsu, yawanci 'yan ƙalilan ne ke saukowa da dare neman dawa da awaki da magani, su yanka wanda ya tare hanya, su ɗauke manomi a gona. Aikinsa bin sawu ne, kuma sau da yawa kafin ya isa sun hau dutse. Wanda aka ajiye a Logone da Shari, wajen Darak ko Fotokol, shi kansa ake nema, don bindigarsa da harsashinsa da motarsa su ne ganima. Masunci da makiyayi a can haraji ake karɓa a hannunsu, a bar su su yi sana'a, shi ya sa ba kowa ke gaggawar kai rahoto ba.

Kaki ɗaya, tukunya dabam-dabam

Daga nesa soja soja ne. Daga ciki runduna uku ce ke wannan yaƙin. Akwai BIR, rundunar kai ɗaukin gaggawa, da aka kafa a 2001 don maganin zargina masu tare hanya; tana amsa umarni daga fadar shugaban ƙasa, kayan aikinta sun fi na kowa, farmakinta a nan shi ake kira Alpha. Akwai sojoji na gama-gari da ke ƙarƙashin farmakin Emergence 4, hedkwatarsu a Marwa tun da aka ƙirƙiri yankin soja na huɗu a 2014. Sai rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafki, mai hedkwata a Njamena, wadda aka yanka wa sassa huɗu: na ɗaya a Mora, na biyu a Baga Sola, na uku a Monguno, na huɗu a Diffa, ko da yake Nijar ta sanar da janyewarta a Maris 2025.

Samari da yawa suna ɗauka duk wanda aka tura rundunar haɗin gwiwa kuɗin Majalisar Ɗinkin Duniya zai ci, kamar masu zuwa aikin kiyaye zaman lafiya a Bangi ta Afirka ta Tsakiya. Ba haka ba ne, kowace ƙasa ita ke biyan nata. Wannan rashin fahimta, haɗe da daɗewa a fage ba canji, shi ya sa a Yunin 2017 wasu sojoji wajen talatin suka tare babbar hanya a Zige suna neman firim ɗinsu, wato alawus, da hutu. Kama su aka yi aka wuce da su Yawunde. Ɗan kasuwa in an danne masa haƙƙi yana iya rufe shago ya yi zanga-zanga, soja in ya yi haka sunansa mai tawaye.

Kuma babu wanda ya yi maka alkawarin Mora. Tun 2017 ƙasar na da wani yaƙin a jihohin Arewa Maso Yamma da Kudu Maso Yamma. Wanda ya shiga don ya rama abin da aka yi wa ƙauyensu yana iya buɗe ido ya gan shi a dajin Bamenda, yana tare mutanen da bai san harshensu ba, ba su kuma taɓa yi masa komai ba.

Takarda kafin gudu

Mafi yawan waɗanda ke faɗuwa ba su kai ga filin gudu ba. Shekarun ƙaramin soja 18 zuwa 23 ne, marar aure. Hanyar hafsa dabam ce, ta makarantar EMIA da ke Yawunde, tana kuma neman ilimi mai zurfi. Dosiye, wato tarin takardun neman shiga, na neman kwafin takardar haihuwa da hukuma ta tabbatar, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba wadda ba ta wuce wata uku da fitowa ba, kwafin takardar makaranta daidai da matakin da sanarwar ta ambata, hotuna, da rasit na kuɗin jarrabawa.

Takardar haihuwa ita ce babban shinge a yankinmu. Yaron da aka haifa a gida a ƙauye, ungozoma ta yanke cibi, aka yanka rago ranar suna, a wurin gwamnati bai zo duniya ba tukuna. In wa'adin rajista ya wuce sai an bi ta kotu: likita ya ƙiyasta shekaru, a kawo shaidu, alƙali ya yanke hukunci, sannan ofishin magajin gari ya rubuta takardar. Makonni take ci, wani lokaci watanni, alhali wa'adin karɓar dosiye gajere ne. Wanda ya jira sai ya ji sanarwa kafin ya fara, ya riga ya makara. A garuruwan da aka ƙone ofisoshi kuwa, rajistar kanta ta tafi da wutar.

Sai saɓanin suna, wanda ya fi yi wa Hausawa da Fulani da Barebari illa. Malamin firamare ya rubuta Oumarou, sakataren rajista ya rubuta Oumar, a katin ɗan ƙasa an sa sunan uba gaba, a takardar makaranta an sa shi baya. A gida duk Umaru ne, a teburin tantancewa mutum biyu ne. Haka ranar haihuwa: wanda ya rage shekaru don ya shiga layi ya manta cewa shekarar da ya ci jarrabawar firamare na nan a rubuce, lissafi kuma ba ya ƙarya. Takardar makaranta ta jabu ta fi duka muni, domin tantancewa ba ta ƙarewa ranar shiga. A 2022 ma'aikatar tsaro ta kori kurata kusan 1,000 saboda takardun bogi bayan sun riga sun shiga horo. An aske kai, an sha rana, an koma gida da kunya, ga kuma barazanar kotu.

Game da mutumin da zai zo ya ce yana da kanar a hannu, a kawo kuɗi a sa suna: gidaje nawa ne suka sayar da sa ko gonar masakwa a kan wannan maganar. In yaron ya ci da ƙoƙarinsa, dillalin ya ce aikinsa ne. In ya faɗi, wayarsa a kashe, kuma ba wanda zai kai ƙara tunda mai bayarwa ma ya taka doka. Kuɗin da ba rasit kyauta ce kawai.

Gwajin jiki gudu ne da motsa jiki, na BIR ya fi tsanani, da gudu mai nisa da kaya a baya. Masu sumewa yawanci waɗanda ba su yi atisaye ba ne sai mako biyu kafin ranar, ko waɗanda suka haɗiyi tramol don su ji ƙarfi. Ƙwayar tana ɓoye gajiya da ƙishirwa har jiki ya wuce iyakarsa, a zafin yankin nan kuwa abin da ke biyo baya farfaɗiya ce ko mutuwa. Likita kuma yana duba ido da haƙora da hawan jini da gwaiwa da jini. Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a arewa, mai ɗauke da shi kuma yana iya shekaru bai ji komai ba. Gwajinsa a asibiti ba shi da tsada in an kwatanta da kuɗin haɗa dosiye da na mota, don haka shi ya kamata a fara yi.

Dare a ƙaramin sansani

Hotunan da ke yawo a waya na farmaki ne, motoci a jere, ƙura na tashi. Rayuwar yawancin ƙananan sojoji gadi ce: buhunan yashi, rami, rumfar kwano, babbar bindiga ɗaya a kusurwa, jarkokin ruwa, da jiran abin da ƙila ba zai zo ba wata da watanni. Gundura ce ke fara cin sansani. Mai gadi ya saba da shiru ya fara duba waya, hasken fuskarta kuma ana hango shi daga nesa. Mai kawo kifi da mai wanki da yaron da ake aika sayen sigari suna shiga suna fita, cikinsu wani yana ƙirga mutane, yana lura da inda akwatunan harsashi suke da lokacin da ake canjin gadi.

Manyan hare-haren da suka ci sansanoni kusan salonsu ɗaya. Ana zuwa ne a ƙarshen dare, lokacin da barci ya fi nauyi, daga fuska fiye da ɗaya, da mutanen da suka ninka na ciki. A Darak, a Yunin 2019, gwamnati ta ce sojoji 16 da fararen hula 8 suka mutu. A Bohoma, ɓangaren Cadi, ranar 23 ga Maris 2020, an shafe sa'o'i ana faɗa, sojoji kusan 100 suka kwanta, wanda ya sa shugaban Cadi na lokacin, Idriss Déby, ya sauka tafki da kansa ya jagoranci ramuwa. A Barkaram, ƙarshen Oktoban 2024, wajen 40. Abin da ke mayar da hari ya zama kisan kiyashi shi ne ɗauki. Maharan sun san hanya ɗaya ce tak motocin agaji za su bi, sai su ajiye mata kwanton ɓauna tun kafin harbin farko. Na ciki suna harbi da tsoro ba lissafi, harsashi ya ƙare kafin gari ya waye. Yanzu kuma an ƙara da ƙananan jirage marasa matuƙa, na leƙen asiri da masu ɗauke da abin fashewa, abin da a da sai gwamnati ke da shi.

Ƙasar kanta tana da ɓangare. Tafkin da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 yau fadama ce mai ɗaruruwan tsibirai da ciyawa da ta fi mutum tsawo, mota ba ta shiga, babban jirgin ruwa yana maƙalewa, sai kwalekwale da wanda ya san mashigi. A fili kuma baƙar ƙasar karal, wadda ke ba mu masakwa da rani, da damina tana riƙe taya kamar danƙo. Tsakanin Yuli da Oktoba akwai sansanonin da sai dai a kai musu abinci ta ruwa ko ta sama. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusuri, kimanin kilomita 200, ita ce jijiyar yankin. Aikin gyaranta ya tsaya lokacin da aka sace ma'aikata 'yan Sin goma a Waza a Mayun 2014, ta kuma daɗe tana wahalar da kowa. Wanda harsashi ya samu a cinya jini na iya ƙarar da shi cikin mintuna, asibitin tiyata kuma yana Mora ko Marwa. Shi ya sa darasin ɗaure jijiya da tsayar da jini, wanda kurata ke ɗauka wasa, ya fi darasin fareti amfani nesa ba kusa ba.

Nakiyar da ake binnewa a hanya ita ce ta fi cin rai ba tare da an ga abokin gaba ba. Tana kama mai ɗabi'a ɗaya ne: motar ɗebo ruwa da ke fita kullum bayan asuba, ta bi sawun tayar jiya, ta tsallake mayo, wato rafi, a mashigi ɗaya. Na'urar bincike tana taimako, amma tafiya da ita tafiyar hawainiya ce, direba mai gaggawa kuma yakan gaji. Alamar da ta fi kowace na'ura ita ce mutane. Hanyar da amalanke da masu itace ke bi kullum, yau ba kowa. Wani ya gani, ko ya ji. Ko zai faɗa maka, wannan ya danganta da abin da kaki ya yi masa a baya.

Da ɗan gari akan ci gari

Nan ne yaƙin yake a zahiri. Sojan da aka kawo daga kudu yana jin Faransanci, mutanen ƙauye suna Barbarci, Larabcin Shuwa, Mandara, Mafa, Fillanci da Hausa. Ba ya iya bambanta baƙo da ɗan gari, balle ya gane cewa buhunan gishiri da batir da wani ke saye duk ranar kasuwa sun fi ƙarfin gidansa. Ɗan yankin da ya sa kaki yana da wannan idon da kunnen, shi ya sa yake da daraja. Shi ya sa kuma yake cikin haɗarin da abokinsa na kudu ba ya ciki, tunda mahaifiyarsa tana kwana a inda hannu ke iya kaiwa. Hoton kaki a Facebook da sunan unguwa a ƙasa ya isa.

Giɓin nan ne 'yan banga suka cike. Lamido ko lawan ko bulama ke kawo sunaye, sufurefe, wakilin gwamnati a gunduma, ya yi rajista, makaminsu kwari da baka da adda da bindigar gargajiya. Dubi ƙofar kasuwa ranar cinta: igiya a gicciye, mutum biyu a gaba da tazara tsakaninsu da taron, mace tana laluben mata. Baƙuwar fuska ana tsayar da ita ne tun daga nesa, a yi mata sallama da harshen gari, a tambaye ta gidan wa za ta. Yarinyar da ba ta san sunan mai unguwa ba, ta ƙi ɗaga hannu, jikinta ya fi fuskarta kauri, ba a matsawa kusa da ita. Tazarar ita ce dabarar duka, domin in abin ya tashi mai binciken ne na farko. Da yawa sun mutu a haka, kasuwa ta tsira.

Ba albashi, ba fansho. Lokaci-lokaci akan raba musu babura da fitilu da na'urorin bincike da ɗan kuɗi a matsayin kyautar shugaban ƙasa, rabon kuma yakan bar baya da ƙura. Mutumin da ke da ikon tare hanya ba shi da abin kai wa gida, ba a daɗe ba zai fara karɓar na goro. Mafi muni, kalma ɗaya daga bakinsa tana iya ɓatar da mutum. Rikicin gona, bashi, neman aure, duk an sha biyan su da "ɗan Boko Haram ne". Hafsan da ya san aikinsa ba ya kama mutum da bakin mutum ɗaya. Yana tambayar me ke tsakaninsu, yana neman majiya ta biyu da ba ta san ta farko ba.

In aka tsallake wannan matakin, abin da ya faru a Magdeme da Duble ke faruwa. Ranar 27 ga Disamba 2014 aka kewaye ƙauyukan biyu aka kwashe maza sama da 200. Hukuma ta amsa cewa 25 sun mutu a tsare a Marwa a daren farko, Amnesty ta ce fiye da 130 ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A ajiye maganar zalunci gefe ɗaya, a dube shi ta fuskar aikin soja kawai: ƙauyen da aka yi wa haka ba zai sake cewa kowa ga nakiya a mashigi ba.

Sai maganar umarni. Bidiyon Zelevet, wanda ya bazu a 2018, ya nuna sojoji suna harbe mata biyu da ƙananan yara biyu. Da farko gwamnati ta ce ƙarya ne, daga baya aka gurfanar da bakwai. A Satumban 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu shekara goma-goma, ɗaya shekara biyu. Mutane da yawa sun ga hukuncin ya yi sauƙi, kuma suna da gaskiya. Abin lura ga kurtu shi ne waɗanda suka tsaya gaban alƙali su ne na wurin, masu yatsa a kan kunama da mai riƙe da waya.

Ƙofa ta uku

Ƙungiyar Crisis Group ta ƙiyasta a 2016 cewa 'yan Kamaru 3,500 zuwa 4,000 ne suka shiga Boko Haram. Wasu wa'azi ya ja su, wasu sace su aka yi, da yawa kuma ta ciniki suka zame. Ana farawa da kai jarkar mai ko buhun shinkafa bakin daji a ninka maka kuɗi. Sai rancen jari, sai babur, sai alkawarin aure ba sadaki mai nauyi. Ranar da ka so tsayawa za a tuna maka cewa sunanka na iya isa wurin jandarma. Gaba kura, baya sayaki.

Dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamba 2014 ba ta san "ciniki kawai nake yi" ba. Shari'ar a kotun soja ake yi, hukuncin yana kaiwa kisa, tsarewar bincike kwana 15 ce da ake iya sabuntawa. Faɗinta ya kama har waɗanda ba su taɓa ganin daji ba. Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, an kama shi a Marwa a Yulin 2015, aka yanke masa shekara goma kan rashin kai rahoto, sai Disamban 2017 ya fito bayan ɗaukaka ƙara. Wasu samari uku kuma sun sami shekara goma-goma a 2016 kan saƙon barkwanci da suka tura wa juna cewa Boko Haram ma sai da takardar jarrabawa take ɗauka. Bidiyon wa'azi ko na yanka da wani ya turo cikin rukunin WhatsApp, ya sauka a wayarka ba ka ma buɗe ba, a shingen bincike kai za a tambaya.

Hanyar dawowa tana nan. An kafa kwamitin ƙasa na karɓar makamai da mayar da tubabbu cikin jama'a ranar 30 ga Nuwamba 2018, da cibiya a Mora, ana kuma tara mutane a Meri. Bayan mutuwar Shekau sun yi ta fitowa da mata da yara har wurin ya cika, aka mayar da 'yan Najeriya da yawa Borno. Mai fitowa yakan nemi wanda zai yi masa iso, basarake ko ɗan'uwa, don kada a harbe shi a hanya. Amma karɓar gwamnati dabam, ta unguwa dabam. Ɗan bangan da ya rasa ƙafa yana kallon wanda ya ƙone garinsu ana ciyar da shi ana koya masa sana'a, kuma ba a ba shi amsar da za ta kwantar masa da rai ba har yau.

Wanda ya sa kaki shi ma yana da tasa dawowar. Akwai mai dawowa ba ya barci, ƙarar murfin tukunya ta sa ya zabura, ya fara dukan matarsa, ya koma ƙwaya. Gida a ce iska ce ko sammu, a yi ta rubutu da turare. Addu'a ba ta hana ganin likita, ciwon yana da suna a asibiti kuma ana maganinsa, sai dai soja yana tsoron a ce ya karaya.

Akwai kuma wanda ba ya dawowa, a nan takarda ke sake tasowa. Soja ba ya aure a hukumance sai da izinin manyansa, don haka da yawa sukan ɗaura a masallaci, a raba goro, a ce na ofis sai an samu hutu. Gwamnati kuwa auren da aka rubuta a ofishin magajin gari kaɗai ta sani. Ranar da aka kawo saƙo, matar da ta haifa masa uku ba ta da abin nunawa a teburin fansho, yaran da ba a yi wa takardar haihuwa da sunansa ba su ma haka. Sai a koma kotu neman hukuncin gado, da shaidu, da tambur, da kuɗin mota zuwa Yawunde, baba tsoho yana yawo da dosiye a jakar leda daga wannan ofis zuwa wancan.